Mai Idris Alauma, Sarkin Borno Da Ke Kwance A Alau

Kogin Ngadda, wanda ke ratsa Maiduguri ta gefen unguwar Gwange, yana bi ne ta tafkin Alau, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da birnin. Mutanen Gwange sun san sunan Alau sarai, musamman tun ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar ruwan ta ɓalle, ambaliya ta shiga gidaje da kasuwanni da makarantu. Amma tun shekaru fiye da 400 kafin wannan rana sunan Alau ya shiga tarihi, domin a wannan yanki ne aka binne sarkin da ya fi kowane sarkin Borno suna. Daga sunan wurin aka laƙaba masa Alauma bayan rasuwarsa, wato mutumin Alau. Turawa kan rubuta shi Alooma.

Ana koya wa yaranmu sunansa a makaranta, har akwai tituna da gine-gine da ke ɗauke da shi. Ya dace iyaye su san labarinsa ciki da waje, abin da ya gina da kuma waɗanda ginin ya danne, domin jikokin ɓangarorin biyu suna zaune yau a unguwa ɗaya.

Gidan da ya fito

Idris ɗan gidan Saifawa ne, ɗaya daga cikin gidajen sarauta da suka fi daɗewa a duniya. Barebari na kiran sarkinsu Mai. Saifawa sun karɓi mulki a ƙasar Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, wajen shekara ta 1075, a zamanin Mai Hume, suka zauna a birnin Njimi. A ƙarni na 13, lokacin Mai Dunama Dabbalemi, ƙarfinsu ya kai Fazzan a tsakiyar hamada, har mutanen Kanem suka mallaki masaukin ɗalibai da alhazai a Alƙahira. A 1257 aka kai kyautar raƙumin dawa daga Kanem zuwa fadar Tunis, jama'a suka yi cincirindo don kallonsa.

Bayan wannan ɗaukaka sai gida ya tsage. 'Ya'yan sarauta suka kasu gida biyu, zuriyar Idris da zuriyar Dawuda, suna ta kashe juna a kan gado. Mutanen Sau, waɗanda ke zaune kudu da yammacin tafkin tun kafin zuwan Saifawa, suka kashe sarakuna huɗu a jere a fagen yaƙi cikin ƙarni na 14. Daga gabas kuma Bulala suka matsa musu lamba, har ya zama dole Mai Umar ɗan Idris ya bar Njimi wajen 1380 zuwa 1390, ya kwashe jama'arsa zuwa yammacin tafkin, ƙasar da ake kira Borno. Kusan shekaru 100 Saifawa suka yi ba su da tsayayyen birni.

Wanda ya kawo ƙarshen wannan yawo shi ne Mai Ali Gaji. Ya kwantar da rikicin gida, sa'an nan wajen 1472 ya kafa Birnin Gazargamu kusa da kogin Yobe, a yankin Gaidam na Jihar Yobe ta yau. Ɗansa Idris Katagarmabe ya ci Bulala da yaƙi, ya sake shiga Njimi bayan an yi fiye da shekaru 120 rabon wani Mai da ita. Duk da haka bai mayar da fada can ba, Borno ta riga ta zama gida. Wannan Idris Katagarmabe shi ne kakan Idris Alauma.

Ƙuruciya da hawan gado

Mahaifinsa, Mai Ali ɗan Idris, bai wuce kamar shekara guda a kan gado ba ya rasu, ya bar Idris yana ƙarami. Mahaifiyarsa Amsa 'yar gidan sarautar Bulala ce, shi ya sa a waƙoƙin fada ake kiransa Idris Amsami. Ashe jinin manyan abokan gāban gidansu yana gudana a jikinsa, kuma wannan zai yi tasiri daga baya.

Sarauta ta koma hannun Dunama, ɗan ɗan'uwan mahaifinsa, daga shi sai Abdullahi ɗan Dunama. Su biyun sun yi kimanin shekaru 25. Labarin baka na Borno yana tunawa da wata mace, Aisa Kili, wadda ta riƙe ƙasa na wasu shekaru kafin Idris ya hau. Waɗansu na cewa yayarsa ce, waɗansu kuma sun haɗa ta da mahaifiyarsa. Jerin sarakunan da malaman fada suka rubuta da Larabci bai ambace ta ba, mawaƙa da tsofaffi ne suka riƙe sunanta. Ana kuma danganta fadar Gambaru, wadda aka gina da jan bulo kusa da Gazargamu, da uwar sarkin. Wannan Gambaru dabam take da Gamboru ta kan iyakar Kamaru.

Tsofaffin littattafan makaranta sun sa mulkin Idris tsakanin 1571 da 1603. Binciken da aka yi daga baya, wanda masana da yawa ke bi yanzu, ya sa shi tsakanin 1564 da 1596.

Mutumin da ya riƙe alƙalami

Kusan duk abin da aka sani game da wannan sarki ya fito ne daga hannun mutum ɗaya, babban limamin fadarsa, Ahmad ɗan Fartuwa. Ya rubuta littattafai biyu da Larabci, ɗaya a 1576 a kan yaƙe-yaƙen shekaru goma sha biyu na farko a Borno, ɗaya kuma a 1578 a kan yaƙe-yaƙen Kanem. Liman ya bi rundunar da ƙafarsa a wurare da dama, ya ga abubuwa da idonsa. Sai dai ya rubuta ne don yabon ubangidansa, bai kuwa ɓoye haka ba. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya isa Kukawa a 1851, shi ya samo kofen littattafan ya aika da su Turai. H. R. Palmer ya fassara su zuwa Turanci a 1926 da 1928, sa'an nan Dierk Lange ya sake fitar da na farkon da sabuwar fassara a 1987.

Wannan ya isa ya sa mai karatu ya yi hattara. Akwai sarakunan Borno da suka yi aikin da ya kusa kai nasa, irin su Ali Gaji, amma ba a sami littafin da ya bi sawunsu haka ba. Mutanen da Idris ya yaƙa kuwa ba su bar ko shafi ɗaya ba.

Abin da ya gyara

Cikin shekarun farko na mulkinsa Idris ya tafi aikin haji. Tafiyar ta buɗe masa ido a kan yadda duniya ta sauya. Turkawa sun karɓe Masar tun 1517, sun kama Tarabulus a 1551, kuma ƙarfinsu yana cikin bindiga da albarushi. Ya samo Turkawa masu harbi, ya sa suka horar da bayin fada, har Borno ta sami rundunar 'yan bindiga tata. Ya kuma tanadar wa alhazan ƙasarsa masauki a Makka.

Bindigogin ne aka fi ambata, amma yawancin gyaransa ya shafi abubuwan da ba su da ƙara. Ya ga runduna kan ɓata kwanaki wajen ƙetare kogin Yobe da ƙananan kwalekwale, sai ya sa aka sassaƙa manyan jirage masu ɗaukar mutane da kaya da yawa lokaci guda. Ya ƙara yawan raƙuma don ɗaukar guzuri da ruwa a tafiyar hamada, maimakon dogaro da shanu da jakuna. Ya daidaita mudun awon hatsi a kasuwanni don a rage cuta tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ya ɗauke shari'u daga hannun hakimai da sarakunan yaƙi ya danƙa wa alƙalai masu ilimi. Masallatan birni da a da ake yi da kara da ciyawa ya sa aka gina su da bulo. Ya kuma tsare hanyoyi daga 'yan fashi, abin da fatake da manoma suka fi bukata daga kowane sarki.

Yaƙe-yaƙensa

Da Idris ya hau gado, ikon Mai bai kai ko'ina cikin Borno ba. Tafiyar 'yan kwanaki daga Gazargamu akwai garuruwan Sau masu ganuwa da duhuwar itatuwa, waɗanda ba sa biyan haraji. Da su ya fara. Ya gina babban sansani kusa da Damasak ya zuba mayaƙa su zauna dindindin. Da rani su sare itatuwan da mutane ke fakewa a ciki, da damina su lalata shuka tun ba ta nuna ba, har yunwa ta tilasta wa garuruwan miƙa wuya. Haka ya yi wa Sau na bakin tafki, waɗanda da yawansu suka tsere cikin tsibirai. Daga wannan zamani Sau suka daina zama al'umma mai cin gashin kanta a Borno. Waɗansu suka narke cikin Barebari, Kotoko na bakin kogin Logon da Shari kuma suna ɗaukar kansu jikokinsu har yau.

A 1575 ya kewaye Amsaka, wani gari mai ƙaƙƙarfan shinge da gwalalo a kudancin tafkin, wanda ya gagari sarakunan da suka gabace shi. Ya sa aka gina dogayen hasumiyoyi na itace inda 'yan bindiga suka hau suna harbi cikin garin, sauran mayaƙa kuma suna cike gwalalon da ƙasa, har shingen ya faɗi. Ya yaƙi Ngizim a yamma, ya yaƙi Gamargu da Margi a kudu. A Mandara ya mayar da wani ɗan sarki da aka kora kan gadon ubansa, don ya sami na hannun dama a gindin duwatsu. A arewa ya kai wa Buzayen Azbin hari har cikin hamada, ya kuma tabbatar da ikonsa a kan Bilma, garin gishiri da ke kan hanyar Fazzan. A ƙasar Kano ya rushe garuruwa masu shinge da dama waɗanda ake fitowa daga cikinsu ana kai wa Borno hari, amma Dala ta gagare shi, ya juya bai ci birnin ba.

Limamin fada bai ɓoye abin da ke biyo bayan nasara ba, domin a ganinsa abin alfahari ne. A wasu garuruwa, har da Amsaka, an karkashe maza manya bayan an gama yaƙi, mata da yara aka raba su ganima. Da yawa daga cikinsu aka kora su arewa ta Bilma da Fazzan zuwa kasuwannin Tarabulus. Tun kafin zamanin Idris, matafiyin nan Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya bayyana yadda sarkin Borno ke sayen doki ɗaya daga fataken arewa da bayi 15 zuwa 20. Dawakai da bindigogin da suka ɗaukaka Borno, da mutane aka biya kuɗinsu, kuma mafi yawan mutanen nan daga kudancin ƙasar aka kamo su.

Sulhu da dangin uwa

Yaƙin Kanem ya bambanta da sauran. Tsakanin 1574 da 1578 Idris ya ƙetara gabas sau da dama don yaƙar Sarkin Bulala Abdul Jalil. Ya yi nasara a fage, amma duk lokacin da ya koma gida sai Bulala su dawo daga hamada. Da ya ga ƙarfi kaɗai ba zai ƙare maganar ba, sai ya goyi bayan wani ɗan gidan Bulala mai suna Muhammadu ya zama sarkinsu, aka yi yarjejeniya a rubuce, aka shata iyaka, kowa ya san rabonsa na Kanem. Gābar da ta ci kusan shekaru 200 ta lafa.

Abin lura a nan shi ne sarkin ya san hanyar sulhu, ya kuma iya bin ta. Ya bi ta da Bulala, waɗanda dangin mahaifiyarsa ne kuma addininsu ɗaya. Sau da Gamargu ba su sami wannan rangwame ba.

Borno da manyan daulolin zamaninsa

Da Turkawa suka miƙa hannu zuwa Fazzan, suka taɓa hanyar cinikin Borno, Idris ya aika jakadu Istanbul wurin Sarki Murad na Uku. Ya nemi a tsare masa fatake da alhazai, a kuma mayar masa da wata ganuwa da aka ƙwace a hamada. Amsar da aka rubuto a 1577 ta yi alkawarin tsaron hanya, amma ta hana ganuwar. Sai ya juya wajen Maroko. Wajen 1582 jakadansa ya isa fadar Ahmad al-Mansur yana neman sojoji da bindigogi. Al-Mansur ya nemi a yi masa mubaya'a tukuna, taimakon kuwa bai zo ba. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1591, rundunar Maroko ta ratsa hamada ta karya daular Songhai a Tondibi. Da faɗuwar Songhai, Borno ta zama daula mafi ƙarfi tsakanin kogin Kwara da Tafkin Chadi.

A can nahiyar Asiya akwai wani gidan sarauta da tarihinsa ya yi kama da na Saifawa. Bayan mutuwar Jengis Khan a 1227, babbar daular Mongol ta rabu tsakanin jikokinsa, gida ɗaya a Sin, ɗaya a Farisa, ɗaya a filayen Rasha, ɗaya a tsakiyar Asiya. Daga zuriyar nan, ta wajen uwa, aka haifi Babur, wanda kuma jinin Taimur ne ta wajen uba. Abokan gāba suka raba shi da Fargana da Samarkand, ƙasar kakanninsa, kamar yadda Bulala suka raba Saifawa da Njimi. Ya kama Kabul a 1504, ya ci yaƙin Panipat a 1526 da taimakon bindigogi, ya kafa daular Mughal a Indiya. Jikansa Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, tsaran Idris Alauma ne. Shi ma ya gyara haraji da awo, shi ma yana da marubucin fada, Abul Fazl, wanda ya dawwamar da sunansa. Akbar ya zubar da jini mai yawa, musamman a Chittor a 1568. Amma a 1562 ya hana bautar da iyalan waɗanda aka ci da yaƙi, a 1564 kuma ya soke harajin da ake ɗora wa waɗanda ba Musulmi ba. Wannan ya nuna ko a wancan ƙarni akwai sarakunan da suka ga wata hanyar zama da talakawan da ba addininsu ɗaya ba.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Idris ya tsufa yana kan sirdi. Yaƙinsa na ƙarshe ya kawo shi kudu, ƙasar Gamargu, inda Maiduguri da Konduga suke a yau. Labarin da aka gāda a Borno ya ce wani mutum daga cikin waɗanda ake yaƙa ya ɓuya a kan itace, ya jefe shi da makamin ƙarfe, raunin ya zama ajalinsa. Sarkin da ya yi wasiƙa da Istanbul da Marakesh, wanda ya sare dazuzzuka don kada abokan gāba su sami mafaka, a hannun mutumin da ba a ma riƙe sunansa ba ya faɗi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Aka binne shi a Alau, nesa da fadarsa.

'Ya'yansa uku, Muhammadu da Ibrahim da Umar, suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya. Tsarin da ya bari ya riƙe Borno har shekaru 200. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Gazargamu. Malamin nan Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya ceto ƙasar, ya kafa Kukawa a 1814, iko ya koma hannunsa sannu a hankali. A 1846 ɗansa Shehu Umar ya kawo ƙarshen gidan Saifawa, bayan kusan shekaru 770. Gidan Mughal ma bai daɗe bayansu ba, Ingilishi suka tuɓe sarkinsu na ƙarshe bayan boren 1857. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900, sa'an nan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa, wadda ta zama Maiduguri ta yau. Gazargamu kuwa kufai ce, sai tudun ganuwa da ɓaraguzan jan bulo.

Abin da za mu gaya wa yaranmu

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Idan yaro ya dawo daga makaranta ya tambayi wane ne Idris Alauma, akwai amsoshi biyu masu sauƙi, kuma kowace rabin gaskiya ce. Ana iya cewa gwarzo ne kawai, a manta da garuruwan da aka ƙone. Ana iya cewa azzalumi ne kawai, a manta da mudun da ya daidaita, da alƙalan da ya naɗa, da sulhun da ya ƙulla a Kanem. Yaron da aka ba rabin labari zai girma ko dai da girman kai ko da ƙullaci, alhali a Gwange da Bulumkutu da Kasuwar Monday, Babarbare da Bamargi da Babur da Shuwa da mutumin Gwoza kujera ɗaya suke zama a aji, rumfa ɗaya suke ciniki. Ba wanda ke raye yau da ya sare itatuwan Damasak, ba kuma wanda ya jefa makamin Alau. Da ruwa ya zo a 2024 bai tambayi kowa asalinsa ba, waɗanda suka ciro maƙwabtansu daga ruwan ma ba su tambaya ba.

Akwai kuma aikin da ya rage a wuyanmu. Idris ya sami liman mai alƙalami, shi ya sa muka san ranar da ya ci Amsaka, amma ba mu da labarin daga bakin mutanen Amsaka. Tun 2009 rikici ya raba iyalai masu yawa da ƙauyukansu a Gwoza da Damboa da Chibok da Askira, yara da dama an haife su a Maiduguri ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Tsofaffin da suka san sunayen duwatsu da rijiyoyi da jerin kakanni suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan da ke da sauran kaka a raye, a sayi littafin rubutu, a zaunar da yaro mai iya rubutu kusa da ita da maraice, ta faɗa ya rubuta: daga ina aka taso, wa ya kafa garin, wace shekara aka yi yunwa, su wa aka yi yaƙi da su, su wa kuma suka ba da mafaka. A rubuta da harshen gida in ya yiwu, a sa kwanan wata da sunan mai ba da labarin, a ajiye inda ruwa ba zai kai ba.